Yadda ake baje kolin kundin kakanni a intanet da manhajar Omeka

A ƙarƙashin gadon Gwaggona a Gadarif ta ƙasar Sudan akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe da ba a buɗe ta sai da dalili. A ciki akwai Alƙur'anin kakanmu na warash, warƙa-warƙa cikin gafakarsa, da wasiƙun ajami da dangi suka riƙa aiko masa daga ƙasar Hausa, da takardar allurar da ya haye Bahar Maliya da ita, da hotuna baƙi da fari, da ’yan kaset na wa'azi da waƙoƙin bege. Tun ina yaro nake ganin adakar nan, ban taɓa kawo wa raina za ta iya salwanta ba, sai da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. A Disambar shekarar rikicin ya ci Wad Madani, dangi suka iso mana daga su sai kayan jikinsu. Wani baffana ya yi kwanaki ba ya maganar komai sai kundin mahaifinsa da ya baro a saman kwaba. Daga baya muka ji an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum. Idan ginin gwamnati mai masu gadi bai tsira ba, ina ga adakar ƙarƙashin gado?

Abin da ya sa na koyi wannan aiki ke nan, kuma ga yadda ake yin sa daga buɗe adaka har zuwa ranar da ɗan'uwanka na Makka ko na Sakkwato zai buɗe waya ya karanta wasiƙar kakansa.

Manhajar da za mu yi aiki da ita

Sunanta Omeka. Wata cibiyar tarihi ta Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya a Amurka ce ta fito da ita a 2008, kyauta, domin ɗakunan karatu da gidajen tarihi. Sunan daga Suwahili aka ɗauko shi, ma'anarsa shimfiɗa haja a gani, wato baje koli dai irin namu. Aikinta biyu ne: ta ajiye kowane abu tare da bayaninsa kamar rumbu, sannan ta ba ka dama ka zaɓo wasu daga cikin rumbun ka jera su su ba da labari.

Iri uku ce. Akwai Omeka Classic, ta asali, wadda ake sa wa a uwar garke ta haya, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet. Akwai Omeka S, ta manyan cibiyoyi masu son shafuka da yawa a kan rumbu ɗaya. Sai Omeka.net, inda su ke riƙe maka komai, kai dai ka yi rajista ka fara aiki. Ga gida ɗaya, ko masallaci, ko makarantar allo, ko ƙungiyar unguwa, ta ukun nan ta wadatar a farko. Akwai wasu manhajojin: DSpace, wadda jami'o'i ke tara kundayen digiri a kai tun 2002, da Greenstone ta Jami'ar Waikato a Niyu Zilan, wadda ke iya aiki a kan faifai ba intanet. Duka suna da kyau a muhallinsu, amma wajen ba da labari da hoto ba su kai Omeka sauƙi ba.

Sai dai ka sani, manhaja ita ce ta ƙarshe a layi. Kashi takwas cikin goma na wahalar a tabarma ake shan ta kafin a taɓa intanet.

Mataki na farko: neman izini da rarraba kaya

Kada ka buɗe adakar kai kaɗai. Kayan gado ne, kuma kowane magaji na da ta cewa. Ranar da na je wa Gwaggo da maganar, sai da ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, asirin ubana za ka watsa wa duniya?"

"A'a Gwaggo, ke za ki zaɓa. Abin da kika ce a rufe, a rufe zai zauna."

"To zauna. Kuma da alwala za ka taɓa Littafin."

Haka muka kasa kayan kashi uku, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan. Kashin farko na kowa da kowa: littattafan fiƙihu da aka kwafa da hannu, waƙoƙin wa'azi, hotunan gari da na taro. Na biyu na dangi kawai: wasiƙun da suka taɓo aure, saki, bashi ko rabon gado, da hotunan mata idan masu su ba su yarda ba. Na uku ba ya hawa intanet ko da wasa: laƙani da hatimai da sirrin magani da malami ya bar wa ’ya’yansa, takardun jinsiyya, takardun gida da na hawasha, wato gona, da duk wata takarda mai lambar shaida ta wanda yake raye. Mu da muke zaune a nan mun san rikicin da maganar asali da ƙasa ta jawo a jihar Bulu Nayil a Yulin 2022. Takardar da kai kake gani tarihi, wani makami yake gani. Kashi na biyu da na uku ma ka ɗauki hotonsu domin ajiya, amma a faifan gida za su tsaya.

Rubuta wanda ya ba da izini da ranar, ko ka naɗi muryarsa a waya yana faɗa. Bayan shekara biyar za ka gode wa kanka.

Mataki na biyu: lamba

Kowane abu sai ya samu lambarsa kafin kyamara ta gan shi. Tsari mai sauƙi shi ne haruffa uku na gari ko na gida, sai lambar abu, sai lambar shafi: gdr_0007_001, gdr_0007_002, haka har ƙarshe. Sifilan gaba ba ado ba ne, su ke sa kwamfuta ta jera shafi na 2 kafin na 10. A sunan fayil kada ka sa tazara, kada ka sa ɗ ko ƙ ko ɓ, kada ka sa harafin Larabci, domin wasu injinan kan mayar da su shirme idan fayil ya yi tafiya.

Lambar a kan ’yar takarda daban za ka rubuta ta da fensir ka saka a gefe. Biro ba ya taɓa takardar kaka, haka salatif da gam. Alƙur'ani da littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake, don haka kada ka gyara jerinsu ko da ka ga kamar sun hargitse. Ɗauke su yadda ka same su. Yawancin marubuta kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan shafi, da ita za a gyara jerin daga baya a cikin kwamfuta.

Mataki na uku: ɗaukar hoto

Ba sai da sikana ba. Gaskiya ma tsohuwar takarda mai karyewa ta fi lafiya a ƙarƙashin kyamara a kan a danne ta da murfin sikana. Wayar da kyamararta ta kai megafiksel 12 za ta fitar da shafi mai girman A4 da ɗigo sama da 300 a kowane inci, muddin shafin ya cika fuskar hoton, kuma 300 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da masu adana takardu ke nema.

Abin da ke ɓata aiki rawar hannu ne da haske. Samu teburi, ka ɗora wayar a kan katako ko tarin littattafai yadda kyamarar za ta leƙo ƙasa sak, ba a karkace ba. Shimfiɗa baƙin ƙyalle ko toka-toka marar sheƙi. Yi aiki a inuwar baranda da hantsi, ba cikin rana ba, kuma kashe walƙiyar kyamara. Saita agogon kyamarar na daƙiƙa biyu ko uku domin taɓa wayar kada ya girgiza hoton. Ajiye rula a gefe a san girman takardar. Ɗauki gaba da baya, ko da bayan fari ne, ka bar gefunan takarda su fito duka, saboda malamanmu a gefe suke rubuta abin da ya fi daɗi: ranar haihuwar yaro, sunan wanda aka karanta littafin a wurinsa, wani lokaci har farashin dawa.

Abu uku na kiyayewa. Kashe wurin da kyamara ke liƙa wa hoto taswirar inda aka ɗauke shi, in ba haka ba duk wanda ya sauke hoton zai iya gane ƙofar gidanku. Kada ka yi amfani da manhajojin da ke wanke takarda ta koma fari fat, suna cinye jar tawada da wasalin warash. Kuma idan wani zai turo maka hoto ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin takarda, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa inganci.

Idan da sikana ka yi, ajiye uwar hoto a tsarin TIFF. Shafin A4 mai launi kan kai megabait 25 ko sama da haka, nauyi ne, amma ba a matse shi ba. Daga uwar nan kake cire ’ya a tsarin JPEG, ƙarama, kamar rabin megabait, ita ce za ta hau intanet. Uwa ba a taɓa ta, ba a yanke ta, ba a ƙara mata haske.

Kaset kuwa, fara da karya ’yan haƙoran da ke samansa domin kada hannu ya kuskure ya goge. Wanda ya yi fumfuna ajiye shi gefe, kada ya lalata rikodar. Juya shi gaba da baya sau ɗaya kafin ka kunna. Haɗa rikoda da kwamfuta da waya, ka naɗa da manhajar Audacity, ita ma kyauta ce, a tsarin WAV. Sa'a ɗaya a inganci mai kyau kan ci kusan gigabait ɗaya. Daga nan ka cire MP3 na ɗorawa.

Mataki na huɗu: bayanin kowane abu

A nan aikin yake. Hoto ba bayani kamar baƙo ne da ya sauka tasha ba adireshi. Buɗe jadawali a LibreOffice Calc ko Excel, kowane abu layi ɗaya, kowane irin bayani ginshiƙi ɗaya. Omeka na tafiya ne a kan wani tsarin bayani mai gurabe 15 da ake kira Dublin Core, wanda ya samo sunansa daga garin Dublin na jihar Ohayo inda aka yi taron tsara shi a 1995. Ba dole ka cike duka ba. Waɗanda na ga sun zama tilas su ne lamba, suna, marubuci, kwanan wata, harshe, wuri, bayani, inda asalin yake, da haƙƙin mallaka.

Suna: faɗi abin da yake, gajere. "Wasiƙa kan rasuwar uwa da rabon gona" ta fi "Tsohuwar takarda 3" amfani nesa ba kusa ba.

Marubuci: rarrabe wanda ya wallafa da wanda ya kwafa. Idan kakanka ya kwafi wani littafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko na Abdullahin Gwandu, mawallafi shi ne Shehu ko Malam Abdullahi, kakanka kuma gurbin mai taimakawa zai shiga. Duba ƙarshen littafi, a can mai kwafi kan rubuta sunansa da ranar da ya gama. Kuma ka tsaya a kan rubutu ɗaya na kowane suna. Idan yau ka rubuta Muhammadu, gobe Mamman, jibi Mohamed, manhaja za ta ɗauka mutum uku ne. Buɗe wani shafi a jadawalin ka jera sunayen mutane da na garuruwa yadda ka zaɓa, da sauran yadda ake rubuta su.

Kwanan wata: shekara, wata, rana, da ’yan layuka a tsakani. Ranar ’yancin Sudan za ta zama 1956-01-01. Takardunmu yawanci da Hijira suke, don haka rubuta Hijirar yadda take a gurbin bayani, ka sa Miladiyya a gurbin kwanan wata. Lissafin gaggawa shi ne ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Gwada da 1321, za ta ba ka 1903, shekarar da aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Lissafin kan kauce da shekara ɗaya, saboda shekarar Hijira na hawa kan Miladiyya biyu. Abin da ba shi da kwanan wata, rubuta "wajen" kaza, ka faɗi dalilinka: hatimin gidan waya, ko ambaton wani sarki, ko shaidar Gwaggo cewa tana goyon wane aka kawo wasiƙar.

Harshe: akwai gajerun alamomi da duniya ta amince da su, ha na Hausa, ar na Larabci, ff na Fulatanci. Ajami ba harshe ba ne, rubutu ne, don haka wasiƙar Hausa da ajami harshenta ha, sai ka ambaci ajamin a gurbin bayani da kuma alamomin nema.

Sai juyar rubutun, wadda ita ce ta fi cin lokaci kuma ta fi lada. Manhajojin karanta rubutu daga hoto ba abin dogaro ba ne a kan ajamin hannu. Zama za ka yi da dattijo ya karanta kana rubutawa da boko. Yaranmu da suka yi makarantar gwamnati a nan sun saba da rubutun gabas, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. A rubutun kakanninmu na magribi, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ni kaina na sha karanta ƙaf a matsayin fa har wani tsohon alaramma ya yi mini dariya. Inda kalma ta goge, sa ɗigo uku, kada ka cike da zato. Mai son buga ajamin kansa a kwamfuta, ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa kyauta guda biyu, Alkalami mai kama da rubutun Kano, da Harmattan.

Ka yi bayani da harshe biyu in da hali, Hausa da Larabci, domin jikoki da yawa a Kassala da Fot Sudan suna jin Hausa amma ba sa karanta bokonta. Kowane harshe a gurbinsa. Idan ka cakuɗa Larabci da boko a layi ɗaya, lambobi da alamomi sai su riƙa tsalle daga dama zuwa hagu.

In ka gama, adana jadawalin a tsarin CSV, ka tabbata ka zaɓi UTF-8. Idan ka manta, duk wata ƙ da ɗ da Larabcinka za su koma alamar tambaya. LibreOffice kan tambaye ka kai tsaye, shi ya sa na fi son sa. Mai hotuna dubbai kuma ya nemi Tropy, manhajar da ta fito daga cibiyar da ta haifi Omeka, wadda ke zama a kwamfuta tana aiki ko babu shabaka, wato intanet.

Mataki na biyar: kwafi uku

Kafin ka ɗora komai, yi kwafi uku na uwayen hotuna da jadawali, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gari. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje cikin leda saboda ƙurar habub, ɗaya a hannun ɗan'uwa a Jidda ko Kano. Mun ga yadda shabaka ta ɗauke a kusan ƙasar nan duka a Fabrairun 2024. Shafin intanet taga ce ta leƙe, ba rumbu ba ne.

Mataki na shida: buɗe shafi

Shiga Omeka.net ka yi rajista da imel. Kada ka yi da imel ɗinka na kanka, buɗe na iyali ko na ƙungiya. Akwai tsarin gwaji na kyauta mai shafi ɗaya da wurin ajiya megabait 500, wanda zai ɗauki ɗaruruwan shafuka idan JPEG ƙanana ka ɗora. Zaɓi adireshi gajere marar ƙugiya. In kayan sun yi yawa daga baya sai a koma tsarin biya, kuma a nan ne za ka buƙaci ɗan'uwa mai katin bankin waje, tunda Bankak, manhajar bankinmu ta waya, aikin cikin gida take yi.

Wanda ke da yaro masanin kwamfuta zai iya hayar uwar garke ya sa Omeka Classic da kansa. Tana buƙatar Linux, Apache, MySQL, PHP da ImageMagick mai yanka ƙananan hotuna. Ana buɗe ma'ajiyar bayanai, a rubuta sunanta da kalmar sirri a fayil ɗin db.ini, a ɗora sauran fayilolin, a buɗe adireshin a kammala. ’Yanci ya fi yawa a nan, amma sabuntawa da tsaro sun hau kanka. Idan yaron ya samu aiki a Riyad ya tafi, wa zai riƙe? Ka amsa wannan kafin ka zaɓa.

A ɗakin gudanarwa, je wurin ƙarin kayan aiki da aka rubuta wa Plugins, ka kunna uku: Exhibit Builder na baje koli, Simple Pages na shafin gabatarwa, da CSV Import na shigo da jadawali. Wasu ƙarin, sai a tsarin biya ake samun su.

Mataki na bakwai: cika rumbu

Fara buɗe tarin kaya a Collections: wasiƙu, littattafai, hotuna, kaset. A Omeka Classic abu ɗaya tari ɗaya kawai yake shiga, don haka kada ka kasa su da jigo irin "aikin haji" ko "noma". Jigo aikin alamomin nema ne, waɗanda ake kira Tags, su kam abu ɗaya na iya ɗaukar goma.

Gwada abu biyar da hannu tukuna. Danna Items, sannan Add an Item. Cike guraben Dublin Core daga jadawalinka. Kowane gurbi na da maɓallin ƙara wani a ƙarƙashinsa, nan za ka sa Larabcin. Zaɓi nau'in abu: rubutu, hoto, sauti ko hirar tarihi, kuma a nan ne gurbin juyar rubutu yake. Je sashen fayiloli ka ɗora shafukan a jere. A gefen dama akwai akwatin Public. Muddin ba ka danna shi ba, baƙo ba zai ga abin ba, to bar shi a rufe har masu kaya su gani su amince. Duk da haka kada wannan akwati ya ruɗe ka ka ɗora kashi na biyu ko na uku. Abin da bai hau ba shi ne ba ya fita.

In biyar ɗin sun yi kyau, shigo da sauran ta CSV Import. Zai nuna maka ginshiƙan jadawalinka ka haɗa kowane da gurbinsa. In ka ga kuskure akwai damar janye shigowar gaba ɗaya ka sake. Hotunan kuma ka bi su da hannu, da asuba lokacin da shabaka ta fi sauƙi kuma kahraba, wato wutar lantarki, ba ta ɗauke ba.

A alamomin nema, sa kalma da ƙugiya da kuma ba ƙugiya, domin wanda ya nemi "kasida" ba zai samu "ƙasida" ba, kuma yawancin wayoyin mutanenmu ba su da haruffan. Sunan gari ma haka: Maiwurno, Maiurno, da yadda ake rubuta shi da Larabci.

A gurbin haƙƙi faɗi magana a fili: na iyalan wane ne, an yarda a karanta a yi nazari, ba a yarda a sayar ba. Ka sani duk abin da ido ya gani a intanet hannu na iya saukewa.

Mataki na takwas: baje kolin

Ɗan koli ba ya juye buhu a tabarma. Zaɓa yake, ya sa madubi nan, turare can, abin da zai tsayar da mai wucewa a gaba. Kuskuren da na fara yi shi ne zuba abu sittin a nuni ɗaya. Ƙanwata ta buɗe, ta ja sau biyu, ta rufe.

Nuni tambaya ɗaya yake amsawa. A nunina na biyu tambayar ita ce: yaya mutumin da ya fito aikin haji ya ƙare da gona a Gadarif? Da na samu tambayar sai kayan suka zaɓi kansu, abu goma sha biyu kacal, shafi biyar. Na farko barin gida. Na biyu hanya, wadda mahajjatan ƙasa suka saba bi ta Barno da Fot Lami, wadda ta koma Njamena a 1973, da Abeshe, Junaina, Fashir har Ubayyid inda jirgin ƙasa yake. Na uku zaman neman guzuri, domin bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira sun buƙaci hannu, mutanenmu da yawa suka tsaya ƙwadago, shekara ta zama goma. Na huɗu hayewa daga Sawakin zuwa Jidda. Na biyar dawowa da zama.

A Exhibits danna Add an Exhibit, ka ba shi suna, da guntun adireshi, da gabatarwa ta layi uku ko huɗu, da sunayen waɗanda suka ba da kaya in sun yarda. Sannan ƙara shafuka. Kowane shafi da tubala ake gina shi: akwai tubalin fayil da rubutu a gefensa, akwai na jerin hotuna, akwai na rubutu zalla. Tubalin fayil da rubutu shi ne dokin aiki. Ka zaɓo abu daga rumbu, ka zaɓi shafin da kake son nunawa, ka rubuta masa ɗan taƙaitaccen bayani. Ba sabon kwafi ake yi ba, don haka in ka gyara kwanan wata a rumbu, mai danna hoton daga nuni gyararren zai tarar.

Rubutun nuni ba na rumbu ba ne. A rumbu kai magatakarda ne, a nuni kai mai ba da labari ne a dandali. Nuna wa mai kallo inda zai sa ido: "Dubi layi na huɗu, inda tawadar ta canja, a nan ya dawo ya ƙara gaisuwa ga ƙanwarsa." Sakin layi biyu a kowane shafi sun isa. Rarrabe abin da takarda ta faɗa da abin da aka ji a baki, ka ce "in ji Gwaggo" inda ya kamata. Idan dattawa biyu sun saɓa, kawo duka biyun. Sa murya ko ta minti ɗaya ce, domin mutane kan tsaya wa murya fiye da rubutu. Idan tsarinka na da ƙarin taswira mai suna Geolocation, ɗora zangon hanyar a taswira, amma alamar ta tsaya a tsakiyar gari, ba kan gidan kowa ba.

Zaɓi adon shafi marar nauyi. Masu kallonka a waya suke, da ragowar data.

Mataki na tara: gwaji da miƙa makulli

Kafin ka buɗe wa duniya, kai wa masu kayan su gani da idonsu. Gwaggo ta sa na cire hoto ɗaya saboda wata da ke bayan layi ba ta yafa mayafi ba, ta kuma gyara mini sunan wani zango da na rubuta ba daidai ba. Sannan ba wa yaro da tsoho wayar ba tare da ka ce musu komai ba, ka ga inda suka maƙale. In sun wuce lafiya, danna Public a kan abubuwan da kuma nunin kansa, domin nuni a buɗe da kaya a rufe fanko zai bayyana.

Omeka na da matakan masu shiga huɗu. Babban makulli, wanda ake kira Super, ya kasance a hannun mutum biyu a garuruwa daban. Matasan da za su taya ka shigar da bayani ba su matakin Contributor, wanda ke ƙara abu amma ba ya buɗe shi ga jama'a sai ka duba. A Simple Pages rubuta shafin da ke faɗin ku su wane ne, da imel ɗin iyali na wanda ya gane wata fuska a hoto ko yake son a cire wani abu. Wanda kayansa suka fi ƙarfin aljihunsa ya duba shirin ceto takardu na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda ke ba da tallafin ɗaukar hoton tarin da ke cikin hatsari tun 2004.

Duk gyaran da ka yi a Omeka ka mayar da shi cikin jadawali, domin jadawalin nan da uwayen hotuna su ne za ka ɗauka ka koma wata manhajar in wannan ta rufe. Mai uwar garke tasa ya riƙa sauke kwafin ma'ajiyar bayanai tare da foldar fayiloli. Ka tsayar da rana ɗaya a shekara, mu mun ɗauki kashegarin Babbar Sallah tunda dangi na haɗuwa, a jona kowane faifai a buɗe fayil goma a gani ko suna nan, wanda ya fara gardama a sayi sabo a juye. Asalin takardun kuma a mayar da su adaka a jerinsu, kowace cikin farar takarda marar rubutu, a ɗora adakar a kan bulo saboda gara da ruwan damina.